Zangon Zamani A Filin Jirgin Saman Tamale

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Agustan 2023 ne aka buɗe sabon ginin matafiya na filin jirgin saman Tamale, wanda aka tsara domin ɗaukar mutum 400,000 a shekara. Tun 2016 kuma alhazan arewacin Gana suka soma tashi daga nan zuwa Saudiyya, ba sai sun gangara Ankara, babban birnin ƙasa, ba. Ganin cewa 'yan kasuwarmu na Salaga da Yendi da Bawku nan ne mafi kusa da za su hau jirgi, shi ya sa muka leƙa zauren jiran domin mu gane wa idonmu.

Gaskiya wurin ya yi. Akwai sanyin na'ura da kujeru da tsabta, ga kuma ɗakin manyan baƙi a keɓe. Wanda ya sha ƙurar hanya zai sami inda zai miƙe ƙafa kafin tafiyar kimanin awa ɗaya zuwa Ankara.

Sai dai kada sanyin ya ruɗe mu. A zamanin fataken goro, ayarin da ya yi watanni daga Kano yakan sauka a zangon Salaga, maigida ya ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye. Wannan zango na zamani ba shi da maigida. Kayanka sikeli ne zai yi musu hukunci, abin da ya haura nauyin da tikitinka ya yarda sai ka biya, kuma babu ciniki. Jirgi ba motar tasha ba ce da za ta jira ta cika. In an rufe karɓar kaya, an rufe ke nan.

Saboda haka mutumin Yendi, mai tafiyar kusan kilomita 100, da na Salaga, sai su yi sammako. Na Bawku kuwa, da zai biyo ta Bolgatanga ya shafe fiye da kilomita 200, gara ya kwana a Tamale. A auna kaya tun a gida, a riƙe katin shaida a aljihu, a yi alwala kafin a kira shiga jirgi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya sa albarka a nema, amin.