Kwikwiyo ɗan asali a keji: abin da mai saye ba ya gani ranar ciniki

Ma'aikacin tarayya da ya kammala gini a Kubwa ko Lugbe, bayan katanga da waya mai ƙaya, sai batun karen gadi. Idan ya je hutu gida Bauchi, mai shago a wajen Wunti ya nuna masa kwikwiyo a keji, ya ce ɗan asalin karen Jamus ne ko Boerboel na Afirka ta Kudu, ciniki kan faɗa nan take. Sai a sa shi bayan mota, a biyo ta Jos.

Matsalar ita ce lafiyar da ido ya gani ranar ba shaida ba ce. Cutar fabo, wadda ta bazu a duniya tun 1978, takan yi kwana 3 zuwa 7 a jiki kafin ta bayyana. Ana isa Abuja sai amai da zawo mai jini, kuma kwikwiyon da bai samu ƙarin ruwa da wuri ba yakan mutu cikin kwanaki kaɗan. Ƙwayar cutar na fita ta kashi, tana iya yin watanni a ƙasa, don haka kejin da ake zuba 'ya'yan uwa daban-daban shi ne matattararta.

Katin riga-kafi ma abin dubawa ne. Ana fara allura a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har wajen mako 16. Ta haukan kare, irin wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke samarwa, sai an kai wata 3. Duk katin da ya ce ɗan mako 6 ya gama allurai, ƙarya yake yi. Nan kuma maganar ta wuce asarar kuɗi, domin yara ne ke wasa da kwikwiyo, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara.

Shi kansa asalin da ake biya wa kuɗi yana da nasa aibin. Karen Jamus ya yi suna da gurɗewar ƙugu ta gado, wadda ba ta nunawa sai ya tasa, musamman inda ake haɗa jini ɗaya don a yawaita haihuwa. Wannan ya sa likitocin dabbobi ke ba da shawarar a ga uwar da ido, a kuma kai kwikwiyon wurin likita mai rajista kafin kuɗi su bar aljihu.