Me ya sa aka sauya manhajar kwamfutocin ɗakin koyo?

Masu zuwa ɗakin koyon kwamfuta sun tarar an cire Windows daga yawancin na'urorin, an saka wata manhaja mai suna Linux Mint. Tambayoyi sun yi yawa a ofishin kariya, har wasu matasa na cewa an ba mu "na talakawa". Ga yadda abin yake.

Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba tun ranar 14 ga Oktoba 2025, sabuwar Windows 11 kuma ba ta hawa kan tsofaffin na'urori irin waɗanda aka ba mu gudummawa. Kwamfutar da ba ta samun gyaran tsaro kamar ɗaki ne mara ƙyaure, alhali a kanta muke rubuta takardun neman makaranta da na haɗuwa da iyali.

Linux ba sabon abu ba ne. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, kuma a kansa aka gina Android ɗin da ke wayoyinmu. Ba a biyan kuɗin lasisi, kowa na iya duba yadda aka rubuta shi, ya kuma kwafa wa wani. Ba shi da nauyi, don haka tsohuwar na'ura kan ɗan farfaɗo. Ƙwayoyin cutar da ake kwasowa a filas daga shagunan buga takardu na gari galibi don Windows aka yi su, ba sa tashi a Linux. Sai dai filas ɗin na nan ɗauke da su, zai iya harba wa wata kwamfutar. Akwai kuma tsarin rubutun Hausa a ciki, mai ƙ da ɗ da ɓ, ko da maɓallanku na Faransanci ne. Ku tambayi malami ya kunna muku.

Amma ƙorafin matasa yana da tushe. Babu Word da Excel, sai LibreOffice. Yana buɗe takardunsu, amma wani lokaci layi ya goce ko jadawali ya karkace, kuma fom ɗin da ya karkace ana iya dawo da shi. Mafita ita ce a mayar da takarda PDF kafin a aika. Abin da ya fi damuna shi ne neman aiki: masu ɗauka sukan tambayi Word da Excel da sunansu. Wanda ya iya LibreOffice ba zai sha wuya ba, amma sai ya taɓa su da hannunsa kafin ranar jarrabawa. Saboda haka aka bar na'urori biyu mafiya sabunta a kan Windows, a riƙa yin layi.

Wasu firintoci ba sa jituwa da Linux, masu gyara a kasuwa ma ba kowa ya san shi ba. Sabunta manhaja kuma yana cin data.

Ko wace manhaja ce a kai, kwamfutar ta jama'a ce. Kada ku bar hoton katinku na gudun hijira ko takardar shari'arku a ciki. Ku goge, ku zubar da kwandon shara, ku fita daga imel da Facebook kafin ku tashi. Wanda bai san yadda ake yi ba ya zo ofishin kariya, za mu nuna masa.