Yini Guda a Ruwan Wikki

 Da aka ba mu hutu, bayana ya ƙage saboda duba takardun jarrabawa, sai na lallashi Inna, wadda ban taɓa ganin ta yini ba ta hura wuta ba, muka tafi Yankari. Daga Bauchi kamar mil 70 ne. A 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga baƙi a 1962.

Abin da ya kai mu kuwa shi ne Wikki, watau wani marmaro mai ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse. Ruwan garau yake, har kina hangen yashin ƙasa, kuma ko da hunturu ko da bazara ɗuminsa digiri 31 ne, kamar wanda aka sirka wa jariri. Inna ta ce ita ba yarinya ba ce da za ta shiga rafi. Ta dai tsoma ƙafa. Can na waiga, sai ga ta zaune ciki har wuya da zanenta, ido a rufe! Kada a ce na ce magani ne. Ɗumin ne ke sakin jiki, ga inuwa, ga ba mai cewa, "Inna, ina tuwo?"

'Yan makaranta, ku ji: wajen gindin dutsen zurfin ya kai ƙafa shida, wadda ba ta iya iyo ba ta tsaya inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Kwanon abinci kuma a riƙe shi a hannu, don wani bika ya sure mana dambun nama duka, muna kallo.

Tun daga ƙofar daji har Bauchi Inna barci take yi a mota.