Kalmomin Sadarwar Kwamfuta: Yadda Finlan Ta Yi Nata, Da Inda Kano Ta Tsaya

A cikin birnin Kano, daga Ƙofar Mata zuwa Mandawari, ko daga Kurmi zuwa Gwale, da wuya mutum ya wuni bai ji ana cewa "babu sabis", ko "netwok ya ɗauke", ko kuwa "data ta ƙare" ba. Waɗannan kalmomi sun shigo bakin jama'a ne tun daga shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, kuma sun zauna daram, har tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ta san abin da ake nufi da su. Amma a ƙarƙashinsu akwai waɗansu kalmomi masu yawan gaske da har yanzu ba su sami rigar Hausa ba, watau sunayen ƙa'idojin da na'urori ke bi idan suna magana da junansu. Ɗalibin da ke koyon ilmin kwamfuta yakan haddace su da Turanci don ya ci jarrabawa, ma'aikacin ofis kuwa yakan gan su a fuskar na'urarsa ya kau da kai, sai ran da aiki ya tsaya.

Abin da Turawa ke kira furotokol ba baƙon abu ba ne ga mutumin Kano. Duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwa fada ya san cewa akwai inda ake tuɓe takalmi, akwai inda ake faɗuwa, akwai kuma wanda zai amsa a madadin Sarki, kuma wanda ya saɓa wannan tsari ba za a saurare shi ba komai muhimmancin saƙonsa. Haka abin yake tsakanin na'urori. Kwamfutar da ke wani shago a Ƙofar Wambai da wadda ke Landan ba maƙeri ɗaya ya ƙera su ba, amma dole su yarda da tsari guda: wa zai fara magana, yaya za a rubuta adireshi, me za a yi idan saƙo ya ɓace a hanya. Babbar ƙa'idar da intanet ta ginu a kanta ita ce wadda ake taƙaita sunanta da TCP/IP. Waɗansu Amurkawa biyu, Vinton Cerf da Robert Kahn, su ne suka bayyana tushenta cikin 1974, sa'an nan a ranar 1 ga Janairu 1983 hanyar sadarwar ARPANET, wadda Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta, ta koma kanta baki ɗaya. Tun da yake a can aka haifi abin, kuma takardun da ake rubuta ƙa'idojin a ciki tun daga 1969 duk da Turanci suke, sai sunayen suka bazu duniya da harshen iyayen gidansu.

Yadda ƙa'idar ke aiki shi ne, ba a aika saƙo ɗungurungum. Ana yayyanka shi ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi da adireshin mai aikawa da na mai karɓa da lambar da ke nuna matsayinsa a jeri. A nan ne misalin ayarin fatake, wanda malamai ke son kawowa, yake da amfani kuma yake da iyaka. A zamanin da, ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro yakan tafi a haɗe, madugu na shugabanta, jagaba na gaba yana duba hanya, ana sauka zango zango. Ƙunshin intanet kuwa ba su da madugu. Kowannensu na iya bin hanyarsa dabam, wani ya riga wani isa, sai a can wajen mai karɓa a jera su bisa lambobinsu, wanda bai iso ba a sake aiko shi. Kafin ma a fara aika komai, na'urorin biyu sukan yi wata gaisuwa mai hawa uku: ta farko ta yi sallama, ta biyu ta amsa tare da tata sallamar, ta farko ta sake amsawa. Turawa sun kira wannan da shan hannu, mutanen Finlan suka ce kättely, wanda ma'anarsa ke nan, Bahaushe kuwa yana da musafaha a ajiye tun da daɗewa, ba a dai ɗauko ta an sa ta aiki ba.

Dalilin ambaton Finlan shi ne, ƙasa ce wadda mutanenta ba su kai miliyan 6 ba, harshensu kuma bai haɗa dangi da Turanci ba, amma ɗalibinsu na iya karanta yadda intanet ke aiki da harshen uwarsa. Ba da haka suka fara ba. Sun daɗe ƙarƙashin mulkin Suwidin har zuwa 1809, sa'an nan Rasha har 1917, kuma harshen Suwidin ne na ofis da na manyan makarantu, nasu kuwa ana ɗaukarsa na manoma. Ko da yake Mikael Agricola ya buga littafin koyon karatu da harshen tun 1543, sai cikin 1863 aka yi dokar da ta buɗe masa ƙofar ofisoshin gwamnati. Masanansu na ƙarni na 19 suka duƙufa ƙirƙirar kalmomi daga saiwoyin harshen. Wani likita mai suna Samuel Roos ya ƙago kalmar sähkö don lantarki cikin 1845, kuma daga gare ta ne aka sami sähköposti, watau wasiƙar lantarki, bayan fiye da shekara ɗari.

Da kwamfuta ta zo sai suka bi sawun kakanninsu. Suka kira ta tietokone, injin sani. Na'urar da ke ajiye shafuka tana miƙa su ga mai nema suka ce palvelin, daga kalmar yin hidima. Wadda ke zaɓa wa ƙunshi hanya ita ce reititin, daga reitti, hanya. Manhajar da ake duba shafuka da ita kuwa selain, daga kalmar buɗa shafukan littafi. Ƙarshen nan na "in" shi ke nuna kayan aiki a harshensu, kamar yadda Hausa ke da "ma" a farkon mabuɗi da madubi da matsefi. Ita kanta ƙa'idar sadarwa suka ba ta suna yhteyskäytäntö, watau al'adar haɗuwa, ko da yake kalmar aro protokolla tana nan tana gogayya da ita, a bakin masu sana'a ma ta fi ta yawo. Wannan ya kamata masu ra'ayin tsarkake harshe su lura da shi: ko a Helsinki matasa na cewa netti da serveri da meili a hirarsu. Abin da ƙasar ta samu shi ne kalma ɗaya tabbatacciya wadda littafin makaranta da jarida da takardar gwamnati za su haɗu a kanta.

Akwai masu wannan aiki na musamman. An kafa cibiyar kalmomin fasaha da ake kira TSK cikin 1974, da kuma cibiyar nazarin harsunan ƙasa, Kotus, cikin 1976. A 1999 aka fara wani shiri na tattara kalmomin kwamfuta mai suna termitalkoot, inda injiniyoyi da masana harshe da masu fassara ke zama tare su ba da shawara, a sa ta inda kowa zai gani kyauta. Talkoot a harshensu shi ne ainihin abin da Bahaushe ke kira aikin gayya. Kuma kada a zaci riƙo da harshe ya mai da su baya, domin a Jami'ar Oulu ne Jarkko Oikarinen ya ƙirƙiro ƙa'idar hira ta IRC cikin 1988, Linus Torvalds ya fara Linux a Helsinki cikin 1991, sa'an nan Tatu Ylönen ya fito da SSH cikin 1995, ƙa'idar da injiniyoyin duniya ke shiga na'urori masu nisa da ita a ɓoye.

Hausa, wadda masu jinta sun haura miliyan 50, ba ta rasa irin wannan tarihi ba, kuma Kano na da kaso mai tsoka a cikinsa. Ƙamus ɗin Bargery ya fito cikin 1934, an kafa Hukumar Hausa cikin 1955 don daidaita rubutu da tace kalmomin aro, sa'an nan cikin 1969 aka buɗe Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda tsohon mazauninta ke daf da ganuwa ta yamma, ita ce kuma ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Cikin 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, cikin 2006 kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito. Ma'aikatan gidajen rediyo su ma sun yi rawar gani. A bakinsu ne tauraron ɗan'adam da jirgi mai saukar ungulu suka zama kalmomin kowa da kowa, kamar yadda yanar gizo da manhaja da kalmar sirri suka zama daga baya.

To, amma a fannin sadarwar kwamfuta galibin fassarar da jama'a ke cin karo da ita daga kamfanonin waje take fitowa. Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a 2013, Facebook kuma ya fito da Hausa a 2016, kowannensu da masu fassararsa, kowa da zaɓinsa. Sakamakon haka shi ne kalma ɗaya ta Turanci na iya samun sunaye biyu ko uku, ko kuma abubuwa biyu su haɗu a suna ɗaya. Yanar gizo misali ce. Kalma ce mai daɗi, amma ana amfani da ita ga intanet baki ɗaya, alhali kuwa yanar, wadda Tim Berners-Lee ya tsara daga 1989 a cibiyar CERN ta Suwizalan, ɗaya ce kawai daga cikin hidimomin da ke tafiya a kan intanet. Ɗalibin da bai rarrabe hanya da motar da ke bin ta ba zai sha wuya a darasi na gaba.

Illar ba ta tsaya a aji ba. Ma'aikacin da albashinsa ke shiga banki yakan ji ana cewa idan ya ga haruffan https da hoton kwaɗo a saman shafi, to, shafin amintacce ne. Abin da alamar ke nufi kawai shi ne an kulle saƙon a hanya yadda ɗan leƙen asiri ba zai karanta ba. Ba ta ce mai shafin mutumin kirki ne ba, kuma 'yan damfara su ma suna samun kwaɗon. Da an fassara ma'anar da "kulallen saƙo" maimakon "amintaccen shafi", da bayanin ya isa kunnen mai fansho kafin ya miƙa lambar sirrinsa.

Abin sha'awa shi ne, tsohon birnin kansa cike yake da kalmomin da ake nema. Abin da Turawa ke kira bangon wuta, mutanen Finlan kuma suka kwaikwaya da palomuuri, asalinsa bango ne na hana gobara tsallakawa daga ɗaki zuwa ɗaki, hoton da ba ya gaya wa Bakano komai. Aikin na'urar shi ne ta kewaye gida ta tace mai shiga da mai fita, watau aikin ganuwar da tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara ginawa a ƙarni na 12, tare da Sarkin Ƙofa wanda a da yake tsare kowace mashiga yana binciken baƙo, ya rufe ta da dare. Na'urar zaɓar hanya, wadda a kasuwa ake kira rauta, aikin jagaba take yi. Wurin da ake adana abin da aka ɗauko na ɗan lokaci don kada a sake dogon zuwa, zango ne. Waɗannan shawarwari ne kawai, kuma jama'a ce ke da ikon karɓa ko ƙi.

Wahalar aikin takan bayyana ne idan aka zo kan kalma irin port. Kowace na'ura na da mashigai masu lamba, kowace hidima da tata: 80 ta shafukan yana, 443 ta kulallun shafuka, 25 ta wasiƙar lantarki, 22 kuma ta SSH, lambar da aka ba Ylönen cikin 1995. Mai fassarar da bai san fannin ba zai buɗe ƙamus ya rubuta tashar jirgin ruwa. Mutanen Finlan sun yi sa'a, domin portti a harshensu dama ƙofa take nufi. Hausa ma ƙofa ce ta dace, sai dai akwai wata na'ura dabam wadda ke tsaye tsakanin sadarwar cikin ofis da ta waje, ita ma sunanta na Turanci ƙofa yake nufi, mutanen Finlan kuwa suka raba gardama da kiranta yhdyskäytävä, watau hanyar haɗi. Idan ɗaya ta ɗauki ƙofa, dole a nema wa ɗayar mashiga ko zaure, kuma yanke wannan hukunci sai an zaunar da injiniyan Hukumar Sadarwa ta Nijeriya da malamin harshe na Jami'ar Bayero da mai fassarar labaran Rediyon Kano da mai gyaran waya a kan tabarma ɗaya.