Lemun mangwaro na gida, abokin bazara a Damagaram

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Zinder, mangwaro yakan cika Kasuwar Dole har ya yi araha. Daidai nan mata ke mayar da shi abin sha.

Haɗin ba wuya. Ana fere nunannen mangwaro, a markaɗa, a tace da rariya, sannan a matse lemun tsami, a zuba sukari da ruwa. Wasu kan ƙara citta. Lemun tsamin ne ke karya zaƙin, shi ya sa ba ya gundura kamar na kwalba.

Wahalar tana wajen ruwa da sanyi. Damagaram ta daɗe tana fama da ƙarancin ruwa, ga ɗaukewar wuta da bazara. Mai sana'ar da ta ƙulla leda hamsin da safe, in firji ya tsaya, kafin la'asar lemun ya lalace, jari ya tafi. Ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba kuwa, gara a kewaye roba da ita, kada a jefa ciki.

Ɗan Damagaram da ke Faransa, inda mangwaro ke tsada, yana iya gwada haɗin da ɗan itacen da ake kira pêche, amma ya rage lemun tsamin.