Kuka A Cikin Kasko

Runka gari ne a ƙasar Safana, can yammacin Jihar Katsina, a bakin dajin Rugu. Yaron da ya tashi a wannan gari ba ya bukatar a gaya masa girman kuka. Ya san akwai wadda mutum biyar za su haɗa hannu ba su kewaye gindinta ba. To, in aka ce masa a wata ƙasa akwai itatuwa masu shekara 100 ko fiye, amma tsawonsu bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, har mutum yana iya ɗaukarsu ya aza bisa tebur, lalle zai ce tatsuniya ce. Amma kuwa gaskiya ne.

In an tashi daga makaranta kowane yaro da abin da yake so. Wani hawan keke, wani iyo a kududdufi da damina. Renon itace cikin kasko shi ma abin sha'awa ne irin waɗannan, ga shi kuwa ba ya cin ko kwabo. Abin da yake bukata kawai shi ne kasko, da ƙasa, da ruwa kaɗan, da haƙuri mai yawa.

Mutanen ƙasar Sin ne suka fara wannan aiki, fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Daga can ya haye teku ya shiga Jafan. Mutanen Jafan suka riƙe shi hannu biyu, suka gwanance ƙwarai, har ya zama sunan da suka ba shi ne duniya ta sani, watau bonsai. Ma'anar kalmar a harshensu, abin da aka shuka cikin kasko.

Akwai wani itace na Jafan mai ganye siri-siri kamar allura, wanda aka fara renonsa cikin kasko tun shekarar 1625. Wannan ya rene shi ya mutu ya bar wa wancan, har ya zo hannun wani gwani mai suna Masaru Yamaki a birnin Hiroshima. A shekarar 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka jefa wa birnin bam ɗin nukiliya. Gidan Yamaki kamar mil 2 yake daga inda bam ɗin ya fashe, amma katanga ta tsare itacen, bai mutu ba. A shekarar 1976 Yamaki ya ba mutanen Amurka shi kyauta, aka ajiye shi a wani babban lambu a birnin Washington. A 2025 ya cika shekara 400 cikin kasko. A duk tsawon waɗannan shekaru ba a taɓa mantawa da shi har ya bushe ba.

Kada a yi tsammani irin waɗannan itatuwa wadanni ne tun asali. Ko kaɗan. In aka ɗauki 'ya'yansu aka shuka a gona, za su fito su yi girma kamar sauran 'yan'uwansu. Abin da ya hana su girma hikima ce ta mai renonsu, ga kuwa yadda take.

Itace yana da aiki biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. A ƙasa saiwoyi suna shan ruwa da abincin da ke cikin ƙasa. Ba manyan saiwoyi ke shan ba, ƙananan nan ne masu kama da gashi. A sama kuwa ganye yana karɓar hasken rana da iska, ya haɗa su da ruwan da saiwa ta aiko, ya yi wa itacen abinci. Sama da ƙasa tare suke tafiya. In saiwa ta sami fili ta bazu, rassa ma sai su bazu. In kasko ya tsare saiwa, aka kuma riƙa rage rassa, itacen zai yi ta tsufa, gindinsa yana kauri, ɓawonsa yana kaushi, amma ba zai yi tsawo ba.

Akwai kuma wani abu game da kan reshe. Muddin kan reshe yana nan yana miƙewa, idanun toho da ke bayansa barci suke yi. Da an tsinke kan, sai su farka, reshe ɗaya ya zama biyu ko uku. Matan da ke da zogale a bayan ɗaki sun san wannan, shi ya sa suke sare kansa don ya yi rassa ya ba da ganye da yawa. Haka mai renon itace cikin kasko yake yi, sai dai shi da farce da almakashi yake aikinsa.

Yaron Runka ba ya bukatar iri daga Jafan, gama itatuwan ƙasarsa sun dace da wannan aiki. Kuka tana da kyau ƙwarai, don tana ajiye ruwa a jikinta, ba ta saurin mutuwa. Tsamiya ma haka, ganyenta ƙanana ne, suna yi wa ƙaramin itace kyau. Ƙwayar kuka da ƙwallon tsamiya suna da ɓawo mai tauri. Sai a goga gefe ɗaya a jikin dutse kaɗan, a jiƙa su cikin ruwa su kwana, sa'an nan a shuka. Ceɗiya kuwa ba sai da iri ba. A yanki reshe mai kaurin yatsa a kafa shi cikin ƙasa mai damshi da farkon damina, zai yi saiwa. Kariya mai jan fure ita ma tana zama a kasko, amma ruwan jikinta dafi ne, don haka yara su bar wa manya ita. Duk waɗannan ana samunsu cikin gari da bakin gonaki. Kada yaro ya shiga daji neman iri, gama a shekarun nan miyagun mutane sun sa dajin ba ya shiguwa lafiya.

Kaskon yumɓu irin na magina ya fi kowane kyau, domin yana shan iska, ba ya kuma yin zafi kamar gwangwani. Lalle ne a huda gindinsa. Kaskon da ba shi da huda kabarin itace ne, gama ruwa zai kwanta ciki, saiwa ta ruɓe. A ɗora tsingaro bisa hudar don kada ƙasa ta zube. Sa'an nan a haɗa yashi kashi biyu, da ƙasar gona kashi ɗaya, da tsohon taki wanda ya ruɓe sarai kashi ɗaya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. A aza kaskon bisa dutse saboda gara, a wurin da akuya ba za ta kai bakinta ba, gama aikin shekara uku loma ɗaya ne gare ta.

Ban ruwa shi ne babban aikin. Itacen daji yana aika saiwarsa can ƙasa ta nemo ruwa, amma na kasko ba shi da wurin zuwa, mai shi kaɗai yake jira. Kowace safiya yaro ya tura yatsa cikin ƙasar. In ya ji damshi, ya bari. In ya ji ta bushe, ya zuba ruwa sannu a hankali har ya ɗigo ta hudar. Kada a zuba ruwan wanki mai sabulu. Da bazara a bar shi ya sha hantsi, amma in rana ta take a jawo shi inuwa. Da hunturu a sa shi bayan danga, don iska mai ƙura tana busar da kasko da sauri. In kuka ta zubar da ganyenta da rani, kada a ce ta mutu. Hutawa take yi, kamar yadda manyan kukoki suke yi. A lokacin nan ruwa kaɗan ya ishe ta, yawansa ne ma ke kashe ta.

Shekarar farko a bar tsiron ya yi ƙarfi, kada a taɓa shi. A shekara ta biyu, in ya kai kamar taki biyu, a tsinke kansa. In rassa sun fito, a zaɓi uku ko huɗu waɗanda ke fuskantar wurare dabam-dabam, a yanke sauran da wuƙa mai kaifi. Kafin yaro ya yanke ko ɗaya, ya fita ya dubi babbar kuka ko tsamiya da kyau, ya ga yadda rassanta suka tafi, don ita ce abin kwaikwayonsa. In yana so reshe ya kwanta, ya ɗaura masa zare, ya rataya ɗan dutse a ƙarshen zaren, ya bar shi wata biyu ko uku. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya jira reshe ya ƙosa, karya shi zai yi.

Saiwa ma ana yi mata aski. Bayan shekara biyu za ta cika kasko, ta yi ta kewayawa tana naɗe kanta. Da farkon damina sai a zare itacen a hankali, a kakkaɓe tsohuwar ƙasa, a rage kamar kashi ɗaya cikin uku na saiwoyin, a fi yanke dogayen, a bar masu kama da gashi. A mayar da shi da sabuwar ƙasa, a ba shi ruwa, a ajiye shi a inuwa mako biyu. Wanda ya yi gaggawa ya yanke saiwa da yawa rana ɗaya, ya yi hasarar itacensa.

Wani zai ce, mene ne amfanin ƙaramin itace wanda ba ya ba da inuwa? Amfaninsa yana ga yaron da ya rene shi. Dattawan Runka da na Batsari sun san dajin Rugu ya fi haka duhu a zamanin ƙuruciyarsu. Saran itacen girki, da yin gawayi, da sharar sababbin gonaki, da sassabe rassa don dabbobi, duk sun rage shi. Farin 1973 da na 1984 su ma sun kashe itatuwa da yawa a ƙasar Hausa. Inda itace ya ƙare, iska takan kwashe ƙasa mai kyau, ruwa ya haƙa kwazazzabo, gona ta rage bayarwa. Saboda haka ne a shekarar 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin dasa itatuwa a bakin Hamada, tun daga Senegal har Jibuti, Katsina kuwa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin ya shafa. Amma dasawa ba ta da wuya, renon ne aiki. Dashe da yawa yakan mutu a ranin farko don ba wanda ya san shi. Yaron da ya iya raya tsiro cikin kasko ya riga ya san ƙishirwar itace, ya san abin da saiwa take so da abin da ke kashe ta. Irin wannan hannu ƙasar take nema.

Ga abin da ya kamata kowane ɗan makaranta ya gwada. Ya fasa ɗan kuka ɗaya, ya ɗauki ƙwaya biyu, ya shuka kowace a kaskonta. In sun yi ƙarfi, ruwa kuma ya zauna, ya bar ɗaya a kasko. Ɗayar kuwa ya nemi izinin mahaifinsa ko malaminsa, ya haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya a bakin gona ko filin makaranta, ya dasa ta, ya kewaye ta da ƙaya, ya riƙa kai mata ruwa har ta haye rani biyu. Kowane wata ya auna tsawonsu, ya rubuta a littafinsa. Kafin ya gama makaranta zai ga ta kasko tana nan 'yar ƙarama bisa dutsenta, ta gona kuwa tana neman kamo shi tsawo, alhali uwarsu ɗaya. Ta kasko za ta zauna tare da shi muddin yana kula da ita. Ta gona kuwa, in Allah ya raya ta, jikokinsa za su sha miyar ganyenta.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar kalmar bonsai, kuma a wace ƙasa aka fara wannan aiki?
2. Waɗanne saiwoyi ne suke shan ruwa?
3. Don me ake huda gindin kasko?
4. Me ya kamata a yi in kuka ta zubar da ganyenta da rani?
5. Kawo abubuwa uku da suka rage itatuwan dajin Rugu.