Gudu Nawa Doka Ta Yarda Direba Ya Yi?

Duk wanda ya shiga makarantar koyon tuƙi da niyyar samun lasin, akwai wani shafi cikin littafin dokokin hanya na Nijeriya da yakan tsaya masa a wuya. Shafin nan lambobi ne zalla a jere, watau iyakar gudun da doka ta yarje wa kowace irin mota a kan kowace irin hanya. Masu koyo da yawa sukan haddace shi daren jarrabawa, su amsa tambayoyin jami'an VIO da safe, kafin la'asar sun manta. Alhali kuwa cikin littafin duka, da wuya a sami shafin da ya fi wannan kusa da ran ɗan'adam.

Abu na farko da ya kamata mai koyo ya riƙe shi ne, doka ta kasa hanyoyi kashi uku: titin cikin gari, da babbar hanya ta tsakanin garuruwa, da tagwayen hanya irin ta Ikko zuwa Ibadan. A cikin gari, babur da motar gida da tasi da bas iyakarsu kilomita 50 cikin awa, tanka da tirela kuwa 45. A babbar hanya, motar gida da tasi da bas suna iya kai 80, amma babur da tanka da tirela ba su wuce 50. A tagwayen hanya kaɗai aka yarda motar gida ta kai 100, tasi da bas 90, tanka da tirela 60. Janwe kuwa, muddin yana jan wata mota, 45 ce iyakarsa ko'ina.

To, wanda ya san dalilin lambobin nan ba ya bukatar hadda. Mota mai gudun kilomita 50 takan ci kusan mita 14 cikin daƙiƙa guda, mai gudun 100 kuwa kusan mita 28. Kafin direba ya hangi yaro a titi, ya ɗauke ƙafa daga totur ya kai ta birki, ya riga ya cinye wannan tazara. Sa'an nan idan gudu ya ninku sau biyu, filin da birki ke bukata kafin mota ta tsaya sau huɗu yake ninkuwa. Shi ya sa aka matse gudu inda mutane ke kai da kawowa, aka kuma fi matse shi ga motar da ta fi nauyi.

Akwai wani tarko da kan kama har wanda ya ci jarrabawa. Motocin da ake shigo da su daga Amurka, manyan lambobin malejinsu da mil aka rubuta, mil ɗaya kuwa ya ɗan ɗara kilomita ɗaya da rabi. Direban da ya ga allura a kan 80 ya saki jiki, ashe gudun kusan kilomita 129 yake shararawa.

Haka kuma lambobin nan iyaka ce, ba umurni ba ne cewa lalle sai an kai su. Ranar da ake sheƙa ruwa, ko hazon hunturu ya rufe hanya, ko aka iso kasuwar bakin titi ko ƙofar makaranta, hankali shi ne maleji. Inda kuma allon gefen hanya ya nuna lambar da ta gaza ta littafi, ta allon ake bi.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu cikin 2017. Mai motar gida kuwa, ƙafarsa ita ce na'urarsa.

Mai karatu ya yi wannan lissafi da kansa. Tafiyar kilomita 200 a kan gudun 100 awa biyu ce. Wanda ya taka 120 zai isa cikin awa ɗaya da minti 40. Watau saboda minti 20 kacal ya sa ransa da na fasinjojinsa cikin haɗari. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa, kuma wanda ya riƙe wannan tun yana ɗan koyo, shi iyalinsa za su riƙa tarye a ƙofar gida.